Yadda ake karatun injiniyanci a jami'a: daga cike JAMB zuwa rajistar COREN

Duk shekara idan aka fara sayar da fom ɗin JAMB, tambayoyi iri ɗaya ne ke zuwa mini daga ƙanne da iyayensu: wane darasi za a cike, wace jami'a za a zaɓa, nawa za a kashe, in an shiga kuma me ake tararwa. Na amsa wa mutum ɗaya-ɗaya har na gaji, shi ya sa na tattara amsar wuri guda. Tsarin jami'o'in Najeriya nake magana a kai. Zan riƙa cewa "kai", amma 'yar'uwa mai son zama injiniya, da ke ma nake.

1. Gyara takardar sakandare tukuna

Kana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB. Huɗu daga ciki ba sa canzuwa: Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Na biyar ya zama darasin kimiyya, kamar Bayoloji, Aikin Gona, Zanen Fasaha ko Babban Lissafi. Yawancin jami'o'i suna karɓar takarda biyu a haɗe, wato zama biyu, amma ba fiye da haka ba.

Kiredit yana nufin daga A1 zuwa C6. Wanda ya samu D7 a Fiziks bai cika sharaɗi ba, ko da ya ci 300 a JAMB. Ya sake zama jarrabawar tun da wuri.

Idan makarantarku tana koyar da Babban Lissafi da Zanen Fasaha, ɗauke su. Ba wajibi ba ne, amma ranar da malami ya fara kalkulas a aji ɗaya za ka ga bambancin wanda ya taɓa gani da wanda yau ya fara ji.

2. Zaɓi fanni, sannan ka binciki izinin kwas ɗin

Yara da yawa suna zaɓar fanni saboda daɗin sunansa. Ka tambayi kanka wane aiki kake son wuni kana yi. Injiniyan gine-gine yana tare da siminti, rodi, ƙasa, hanya da gada. Na lantarki yana tare da taransifoma, layin wuta da na'urori. Na makanikal yana tare da injuna, zafi da ƙarfe. Na sinadarai aikinsa a matatar mai, kamfanin taki ko na siminti yake. Akwai na noma, na albarkatun ruwa, na ƙarafa, na kwamfuta, na man fetur da na mekatironiks. Injiniyancin kwamfuta daban, kimiyyar kwamfuta daban: na farko shekara biyar ne kuma kusan rabinsa lantarki ne.

Shawarata ga wanda bai tsai da magana ba: ya ɗauki ɗaya daga cikin manyan uku, gine-gine, lantarki ko makanikal. Ƙofarsu ta fi faɗi. Mai digirin makanikal yana iya aiki a kamfanin mai, amma mai digirin man fetur yakan sha wahala idan kamfanonin mai ba sa ɗaukar ma'aikata.

A Arewa akwai ABU Zariya, Bayero a Kano, ATBU Bauchi, Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna, Modibbo Adama a Yola, Jami'ar Maiduguri, Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil, da wasu. Kafin ka rubuta sunan kowace, ka tabbatar kwas ɗin da kake so yana da amincewar hukumomi biyu: NUC mai kula da jami'o'i, da COREN mai kula da sana'ar injiniya. Kwas-kwas ake ba da izinin, ba jami'a sukutum ba. Yana yiwuwa sashen gine-gine yana da shi, sabon sashen da aka buɗe bara a tsangaya ɗaya bai samu ba tukuna. Wanda ya gama a sashen da COREN ba ta amince da shi ba, sai ranar neman rajista zai gane ramin da ya faɗa.

3. Cike JAMB

Darussa huɗu ne: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne sa Bayoloji a madadin Lissafi ko Kemistiri, sau da yawa don mai shagon da ya cike fom ɗin ne ya zaɓa wa yaro. Jami'a ba za ta ko kalli makinka ba idan haɗin darussan bai yi daidai ba.

Ga jerin abin yi. Ka mallaki lambar NIN. Ka tura ta zuwa 55019 ko 66019 da layin wayarka, a turo maka lambar buɗe rajista. Ka sayi fin ɗin, wato lambar sirri ta rajistar. Ka je cibiyar CBT, wato wurin jarrabawa ta kwamfuta, da JAMB ta amince da ita a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. A 2025 kuɗin gaba ɗaya naira 7,200 ne, in an haɗa da jarrabawar gwaji 8,700. Yana iya canzawa, don haka ka duba na shekararka.

Layin wayar nan ka riƙe shi kamar ƙwai. Kada ka yi amfani da na maƙwabci ko na mai shago, domin duk saƙon JAMB a kansa zai riƙa zuwa. Kuma ka duba sunanka da ranar haihuwarka a NIN, su zama iri ɗaya da na takardar WAEC harafi da harafi. "Muhammad" a nan, "Mohammed" a can, ya isa ya sa ka yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi.

Jarrabawar tambaya 180 ce cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, maki 400 gaba ɗaya. Ba a shiga da kalkuleta, akwai ƙarama a fuskar kwamfutar. Ka saba da ita tun a gida. Makin da ake sanarwa a rediyo, 140 ko 150, shi ne mafi ƙarancin da za a iya shiga wata jami'a da shi, ba shi ne na injiniyanci ba. A manyan jami'o'i ka sa wa ranka sama da 200 sosai.

4. Tantancewar jami'a da karɓar gurbi

Bayan sakamako, jami'ar da ka sa a zaɓin farko za ta buɗe tata tantancewar. Wasu jarrabawa suke yi, wasu lissafa makin JAMB da na takardar sakandare kawai suke yi. Kuɗin fom ɗin bai kamata ya wuce naira 2,000 ba bisa ƙa'ida. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayensu, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Saboda haka ɗan Jigawa ya fi samun sauƙi a Bayero fiye da wata jami'ar tarayya a Kudu da maki iri ɗaya.

Abu biyu suke hana mutane gurbi a wannan matakin. Na farko, rashin ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin JAMB ga wanda ya yi rajista kafin sakamakonsa ya fito. Sai ka koma cibiyar CBT an ɗora. Na biyu, rashin danna karɓar gurbi a CAPS, wato shafin JAMB da ake ba da gurabe ta cikinsa. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, ko wane ne ya yi maka alkawarinsa, ba gurbi ba ne. Sunanka ba zai shiga kundin JAMB ba, kuma shekara biyar nan gaba NYSC ba za ta kira ka ba.

Wanda bai samu ba, hanya ba ta toshe ba. Diflomar ND a injiniyanci daga kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Kaduna ko ta Hassan Usman Katsina, ko kuma IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, tana shigar da mutum aji biyu kai tsaye idan sakamakon ya yi kyau. Masu zuwa ta hanyar difloma sukan fi sauran iya aikin hannu, amma lissafin aji biyu yakan ba su wuya don sun tsallake na aji ɗaya. Su ɗauki littafi tun kafin a buɗe makaranta.

5. Kuɗi da kayan aiki

Kuɗin rajista ya bambanta tsakanin jami'o'i, kuma ya tashi sosai tun 2023, don haka a shafin jami'ar kawai za ka ga na gaskiya. Ka biya ta hanyar da jami'a ta bayar, ka ajiye rasit na takarda da hotonsa a waya. Ranar karɓar sakamakon ƙarshe za a iya neman rasit ɗin aji ɗaya.

Wanda hannunsa bai kai ba, akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu ruwa a kai, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Ka nemi tallafin jiharku da na PTDF ma, wato asusun bunƙasa fasahar man fetur. Masu ba da tallafi maki suke dubawa, wanda shi ne zancen mataki na gaba.

Kayan da ba makawa:

Kalkuleta ta kimiyya, Casio fx-991. Kasuwa cike take da jabu, masu ba da amsar banza a wasu lissafai. Ka tafi da wanda ya san ta. Kada ka sayi mai ajiye rubutu, ba a yarda da ita a ɗakin jarrabawa ba.

Kayan zane: allo, ti-sikwaya, ma'aunan kusurwa biyu, mai digiri 45 da mai 30 da 60, kamfas mai kyau, fensir HB da 2H, takardar zane da salatif ɗin takarda. Allo da ti-sikwaya ka saya a hannun 'yan aji uku da suka gama da su. Sun fi araha.

Rigar aiki, farar rigar ɗakin gwaji, da takalmi rufaffe mai ƙarfi.

Littafin lissafin injiniya na K.A. Stroud. Ko tsohon bugu ne ya wadatar.

Laftof ba dole ba ce a aji ɗaya. Kada uba ya sayar da akuya saboda ita a makon farko. Daga aji biyu zuwa uku take zama dole, kuma ta hannu mai RAM 8 ta isa.

6. Aji ɗaya: nan ake gina maki

A aji ɗaya ba ka fara injiniyanci ba tukuna. Lissafi ne, Fiziks, Kemistiri da darussan gama-gari, a manyan ɗakuna tare da ɗaruruwan ɗalibai, wani lokaci na baya ba ya jin muryar malami. Da yake abubuwan sun yi kama da na sakandare, sai yaro ya saki jiki. Nan ake yin asarar da ba ta gyaruwa.

Ga yadda ake lissafi. Kowane kwas yana da nauyi da ake kira yunit. Maki 70 zuwa sama A ne, yana da daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B, daraja 4. Daga 50 zuwa 59 C, daraja 3. Daga 45 zuwa 49 D, daraja 2. Daga 40 zuwa 44 E, daraja 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, wato F. Ana ninka daraja da yunit, a tara, a raba da jimillar yunit. Abin da ya fito shi ne CGPA. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga CGPA 4.50, mai daraja ta biyu ta sama daga 3.50, ta biyu ta ƙasa daga 2.40.

Mu ɗauka nauyin shekarun biyar ɗaya ne. Wanda ya gama aji ɗaya da 2.0, idan yana son fita da 3.50, sai ya riƙa samun kusan 3.9 a kowace shekara huɗun da suka rage, alhali darussan ƙara tauri suke yi. Wanda ya fara da 4.2 kuwa, ko ya ɗan zame a aji uku yana da abin jingina. Da safe ake kama fara.

Kwas mai yunit 3 ya fi mai yunit 1 tasiri sau uku, don haka ka raba lokacinka haka. Kuma kada ka raina darussan gama-gari. In yunit ɗin ɗaya ne, A ɗinsu ɗaya take da A ɗin lissafi a wurin ƙirga.

Hanyar karatun ita ce warware tambayoyi da biro a takarda. Karanta misalin da malami ya yi a allo kana gyaɗa kai ba karatu ba ne. Rufe littafin, ka yi shi da kanka, ka ga inda za ka maƙale. Ka nemi tambayoyin shekarun baya tun makon farko, ka haɗa ƙungiyar mutum uku ko huɗu. In ta kai goma ta zama majalisa.

Gargaɗi a kan rajistar kwasa-kwasai: jarrabawar kwas ɗin da ba ka yi wa rajista ba, ba ta da sakamako. Kwas ɗin da ka yi wa rajista ba ka zauna ba, F ne. Ka kai fom ɗin wurin malamin da ke kula da ajinku ya duba ya sa hannu. Dokar jami'o'i ta halartar kashi 75 cikin ɗari na lacca tana nan, akwai malaman da ke aiki da ita ba sani ba sabo.

7. Aji biyu da uku: zane, wokshof da ɗakin gwaji

Yanzu aka shigo tsangaya. A aji biyu kusan kowa darasi ɗaya yake yi ko wane fanni ya zaɓa: lissafin injiniya, zane, ƙarfin kayan aiki, ilimin zafi, motsin ruwa, tushen lantarki, shirya manhaja. A aji uku kowa ya kama gabansa.

Darussan nan sarƙa ne. Wani kwas ba a yarda ka ɗauka sai ka ci wanda ke ƙarƙashinsa. Idan ka faɗi lissafin aji biyu, kari-oba ɗin, wato kwas ɗin da ka faɗi sai ka maimaita, zai iya hana ka na aji uku, shi kuma ya hana ka na aji huɗu, ga kuma iyakar yunit ɗin da ake yarda mutum ya ɗauka a zango guda. Haka mutum ke wayar gari abokansa sun tafi hidimar ƙasa shi yana ƙarin shekara. Kari-oba ka fara yi masa rajista kafin sababbin kwasa-kwasai, ka kuma shiga ajinsa ba tare da jin kunya ba.

Zane yana cin lokaci fiye da yadda ake zato. Takarda ɗaya tana iya cinye dare. Akwai masu biyan wani ya zana musu, su ne za ka gani a ɗakin jarrabawa sun riƙe ti-sikwaya a juye.

A wokshof za ka yi walda, goge ƙarfe, aikin katako da sarrafa injin fiƙe ƙarfe. Babbar riga, hannun riga mai reto, agogo da zobe ba sa kusantar injin da ke juyawa. 'Yan'uwa mata su sa ɗan ƙaramin hijabi su cusa shi cikin rigar aiki. Kada ka kalli hasken walda ba gilashi, ko na ƙiftawa ne. Da daddare idon zai yi kamar an zuba masa yashi.

Ka girmama ma'aikatan wokshof da na ɗakin gwaji. Wasunsu sun shekara talatin a kan injin nan, sun san abin da babu a littafi. Gaisuwa da "Baba, a nuna mini" tana buɗe abin da kuɗi ba ya buɗewa. Rahoton gwaji kuma ka rubuta lambobin da ka auna da hannunka, ko ba su yi daidai da na littafi ba, sai ka bayyana dalili. Kwafar na 'yan bara malami yana ganewa, don shi ya duba na baran.

A waɗannan shekarun ka koyi manhaja ɗaya ta fanninka da kyau. AutoCAD ga kowa, kuma kamfanin yana ba ɗalibai lasisi kyauta. MATLAB ko Python don lissafi. Mai lantarki ya ƙara Proteus, mai makanikal ya ƙara SolidWorks. Hutu, ko yajin aiki irin na wata takwas da aka yi a 2022, lokacin koyon waɗannan ne, ko na zama a garejin unguwa ko wurin masu haɗa sola.

8. SIWES: wata shida a wurin aiki

Bayan ƙananan horon hutu na aji biyu da uku, babban shi ne na aji huɗu: zangon karatu na biyu gaba ɗaya, wata shida, a ƙarƙashin kulawar ITF, hukumar horas da ma'aikata a masana'antu. Yunit ɗinsa suna da nauyi, kuma A ɗinsa ba ta da wuyar samu.

Ka fara neman wuri tun farkon aji huɗu, da takardar gabatarwa daga ofishin SIWES na jami'a. Mai lantarki ya nemi kamfanin dakon wuta na ƙasa TCN, kamfanonin rarraba wuta kamar KEDCO, ko tashoshin Kainji, Jebba da Shiroro. Mai makanikal da mai sinadarai su nemi kamfanonin siminti a Sakkwato, Ashaka da Obajana, ko masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa. Mai gine-gine ya nemi kamfanin da ke da aiki a ƙasa yanzu, ba mai ofis kawai ba.

Ma'aunin wuri mai kyau ɗaya ne: za a bar ka ka taɓa aiki? Ƙaramin kamfanin da za ka ɗaure rodi ka karanta zane ya fi babban ofis mai sanyi inda aikinka sayo abinci ne. Ka cike littafin aikinka kullum, da zane, mai gidanka ya sa hannu duk mako. Malami yana zuwa dubawa ba sanarwa, in bai same ka ba makin ya tafi. Alawus ɗin ITF ɗan kaɗan ne kuma yakan makara, kada ka ɗora kuɗin motarka a kansa. Ka karɓi lambobin injiniyoyin da ka yi aiki a ƙarƙashinsu, aikin farko na mutane da yawa daga nan yake fitowa.

9. Aikin bincike na aji biyar

Ka zaɓi abin da aljihunka da lokacinka za su iya. Injin casar gero da ya yi aiki ya fi jirgi marar matuƙi da bai tashi ba. Ka yi kasafin kuɗi kafin malami ya amince da taken, ka zaga kasuwa ka ji farashi, Panteka a Kaduna ko Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano. In aikin rukuni ne, a rubuta abin da kowa zai bayar tun ranar farko.

Mai gwajin kankare ya tuna cewa sai an jiƙa shi kwana 28 kafin gwajin ƙarfi na ƙarshe. Ba a gaggauta wannan. Wanda ya zuba nasa saura mako uku ya kare aikinsa a gaban malamai ya riga ya makara. Mai haɗa na'urar lantarki ya sayi kowane ƙaramin abu bibbiyu, don wani sai ya ƙone.

Maƙeri ko mai walda zai iya taya ka haɗawa, amma lissafin da zanen su zama naka, ka kuma tsaya a kansa yana yi. Ranar kare aiki akwai malami baƙo daga wata jami'a, tambayarsa ta farko takan zama: me ya sa ka zaɓi wannan kaurin ƙarfen? Ka ajiye rubutunka wuri uku, a laftof, a filasha da a imel.

10. Bayan digiri

Digiri bai ba ka damar sa "Engr." a gaban sunanka ba. A doka, wanda COREN ta yi wa rajista ne kaɗai ke da wannan. Bayan hidimar ƙasa, ka shiga ƙungiyar injiniyoyi ta NSE a matsayin sabon mai digiri, ka riƙa halartar taron reshen garinku. Ana buƙatar aƙalla shekara huɗu na aikin injiniya bayan kammala karatu, a ƙarƙashin injiniya mai rajista. Daga nan ka rubuta rahoton ayyukan da ka yi, ka zauna jarrabawa da ganawar baki, injiniyoyi masu rajista su tsaya maka.

Rahoton nan shi ke ba mutane wahala, domin bayan shekara huɗu ba wanda ke tuna girman famfon da ya sa ko tsawon kwalbatin da ya gina. Tun ranar farko a wurin hidimar ƙasa ka sayi littafi mai kauri. Duk aikin da ka sa hannu a ciki ka rubuta kwanan wata, wurin, abin da kai ka yi, matsalar da ta taso da yadda aka warware ta, ka ɗauki hoto, ka rubuta sunan injiniyan da ya kula da aikin da lambar rajistarsa.